Buhun Taki Mai Hoton Honorabul

Akwai wani mutum a Mubi da ake kira Tsoho. Kakansa ne ya zo daga wajen Katsina da fataucin hatsi, ya ga gari ya karɓe shi, ya kafa gida. Shi Tsoho a bakin buhu ya tashi. Bokonsa bai wuce sakandare ba, amma Allah ya ba shi baki, kuma babu kasuwar ƙauyen da bai sani ba daga Muchalla har Sorau, don da tsohon mashin ɗinsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana awon masara da gyaɗa.

A wannan yawon ya haɗu da Ezekiya, manomi a wani ƙauye da ke bayan Vimtim, dattijo a cocinsu. Irin mutanen nan ne da in ya ce maka gobe, to ka kwanta ka yi barci, goben ce. Ciniki ya haɗa su, ya koma abota. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari aka yi gudu daga Mubi, Ezekiya ne ya bi da iyalin Tsoho ta cikin duwatsu. Shi ya goyi mahaifiyar Tsoho a bayansa ya haye kogi da ita, ruwa har ƙugu.

Da aka dawo gida, Tsoho ya shiga siyasa. Ya fara da kansila. Mutanen ƙauyen Ezekiya suka ce su fa ba su ga dalilin da zai sa su ba ɗan kasuwa Bahaushe ƙuri'arsu ba. Ezekiya ya bi su gida gida.

"Na san Bahaushe ne, na san Musulmi ne," yake ce musu. "Ku ba shi. In ya yi muku ƙarya, ni za ku kama. Gidana kun san shi."

Suka ba shi. Kuma a yi wa mutum adalci, Tsoho ya yi aiki. Yana kansila ya yi musu kwalbati a mashigar ƙauye. Da ya zama ciyaman na ƙaramar hukuma ya rufa musu ajujuwa biyu da iska ta yaye, kuma in ka je ofishinsa ba sai ka rubuta sunanka a takarda ba, tura ƙofa kawai za ka yi. Daga nan ya nemi majalisa, ya ci. Sau uku ke nan, kuma duk sau ukun Ezekiya ne ya jingina sunansa.

To, a majalisar ne kan Tsoho ya fara juyawa. Ya koma Honorabul. Ya sami mota mai baƙin gilashi, ya kuma sami Mansir, wani gogaggen ɗan jam'iyya mai furfura a gemu, wanda ya binne 'yan siyasa da yawa da shawararsa kuma har yanzu ana kiran sa mashawarci.

Wata shekara, zaɓen fidda gwani na tafe a ƙarshenta, Tsoho ya je ƙauyen tun kafin ruwa ya sauka. Aka taru a gindin tsamiya. Ya ce musu, "Bana na samo muku taki. Kamfa da yuriya, kyauta, kowane gida. Ku daina wahalar da kanku da dawa. Ku shuka masara, ku ga yadda ake cika rumbu."

Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba zai ga wannan ƙaramar magana ce. Ƙasar wajen ta gaji. Dawa tana haƙuri da ita, ko babu taki za ta ba ka abin tuwo. Masara kuwa ba ta san haƙuri ba. Sati biyu zuwa uku da fitowa tana son kamfa, in ta kai gwiwa tana son yuriya. Ka wuce wannan lokaci, ko tirela guda ka juye mata, ka yi wa ƙasa kyauta.

Mutane suka juya suna kallon Ezekiya. Ya gyaɗa kai. Shi ke nan. Gonakin da tun kakanni ake zuba musu dawa, bana aka ce masara.

Bayan kwana huɗu Ezekiya ya hau mashin ya zo Mubi da littafin 'yan makaranta a cikin leda. Ya rubuta sunan kowane magidanci da hannunsa don rabon takin, kowa ya dangwala yatsa a gaban sunansa, ya sa kwanan wata a sama: sha tara ga Afrilu. Bai sami Tsoho a gida ba, sai ya ba matarsa Binta. Ta ba shi ruwa ya sha, ta kai littafin ɗakin maigida. Da Tsoho ya dawo ya buɗe, ya yi dariya, ya ce, "Baban Precious ke nan. Har da layi da rula."

Tsakiyar watan Mayu taki ya iso, aka jibge shi a wani sito a cikin gari. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. A ranar Tsoho ya so ya sa a loda motoci. Sai Mansir ya kama hannunsa ya ja shi gefe.

"Ranka ya daɗe, haka za ka raba shi? A farin buhun kamfani? Manomi ya zuba a gona ya manta wanda ya ba shi? Haba. A sake buhu, a buga hotonka. Buhun nan shekara biyu zai yi a ɗakin mutum, matarsa na zuba wake a ciki tana kallon fuskarka."

"Zai ɗauki kwana nawa?"

"Sati ɗaya. In ya yi yawa kwana goma."

Tsoho ya yi lissafin manomi, don ya san shi sarai. Kwana goma ba za su kashe masara ba. Ya ce a yi.

Buhunan suka zo bayan sati uku. Mansir ya ɗaga ɗaya ya dafe kai. Babu hoton Oga. Oga shi ne babban jigon jam'iyyarsu da ke Yola, wanda daliget ke kallon bakinsa kafin su jefa ƙuri'a. "In ya ga buhu da fuskarka kai kaɗai, cewa zai yi ka fara jin kanka. A mayar a sake."

Aka mayar. Da sababbin suka zo, sai aka ce ai kayan da ke ɗauke da hoton Oga ba a raba su sai Oga ya zo da kansa ya ƙaddamar. Aka sa rana. Oga ya tafi Abuja. Aka sake sa rana. Oga ya tafi biki. Ni wannan al'ada ta ƙaddamarwa ita ce ke ƙona min rai a ƙasar nan. Abu na talaka, yana kulle, mabuɗi na aljihu, ana jiran wani ya zo ya ɗaga buhu a ɗauke shi hoto.

Duk wannan lokacin wayar Tsoho ba ta huta ba. Ezekiya ne. Amsar kuma ɗaya ce: "Sati mai zuwa, ɗan'uwa. Ka gaya musu kada kowa ya sayar da akuyarsa don taki, nasu na nan a ajiye." Ezekiya kuwa sai ya tsaya bayan sujada ranar Lahadi ya maimaita musu kalma da kalma. Masu niyyar sayar da akuya su sayi ko da mudu biyar ne a kasuwa suka fasa.

Ranar wata Talata a watan Yuli, Tsoho na falo da baƙi, sai ga Ezekiya ya shigo da taɓo har idon sawu. Bai zauna ba. Ya ajiye wani abu a kan teburin gilashi, tsakanin kwalaben lemo. Karan masara ne da ya tumɓuko da saiwarsa, siriri kamar tsinken tsintsiya, ganyen ƙasa duk ya koma ruwan ɗorawa.

"Tsoho, kai ma ka san masara. Duba shi. Gaya min kwana nawa ya rage masa."

Tsoho ya duba. Ya sani. Sati ɗaya, in an yi sa'a.

"Ba ni mabuɗin sito," in ji Ezekiya. "Ba na son mota. Yaranmu za su zo da mashin su kwashe. In Oganka ya zo, mu dawo da buhu mu cika da yashi ya ɗaga, wa zai sani?"

Baƙin suka yi dariya. Tsoho ma ya so ya yi, ta ƙi fita. Mabuɗin na cikin aljihun rigarsa, yana jin sanyinsa a cinya. Ya kai hannu ya taɓa shi. Sai ya haɗa ido da Mansir, Mansir ya ɗan girgiza kai.

"Asabar ɗin nan, Baban Precious. Wallahi Asabar ɗin nan."

Ezekiya ya dube shi, ya ce, "To. Ka rantse." Ya juya ya fita, ya bar karan a kan tebur.

Asabar ta zo ta wuce. Wata ma ta wuce. Sai tsakiyar Agusta Oga ya samu sarari.

Ranar an kafa rumfuna a filin makarantar ƙauyen, an kawo lasifika da makaɗa, an jera buhu kamar katanga, kowanne da fuska biyu suna murmushi. A bayan rumfunan kuwa, duk inda ka kai ido, masara ce a tsaye iya ƙugu, ta fitar da kai ba ta yi goyo ba. Mutane sun zo, amma ko tafi babu.

Tsoho na tsakiyar jawabi sai wata tsohuwa da ake kira Mama Beauty ta ratso 'yan sanda da sandarta.

"Honorabul! Wannan taki na wane ne? Masarana ya mutu tun wancan wata! In zuba a kabarinsa ne?"

Fili ya ɗauki hayaniya. Oga ya sunkuyo, murmushin na fuskarsa saboda masu ɗaukar hoto, ya ce a kunnen Tsoho, "Ka kawo ni nan a ci min mutunci ne? Laifin wa? Faɗa musu yanzu."

Tsoho ya riƙe makirfo. Ba zai ce laifin Oga ba ne. Ba zai ce laifin buhu ba ne, ga buhun nan da fuskarsa. Bakin nan da ya ciyar da shi shekara da shekaru bai jira zuciyarsa ba, ya yi gaba.

"Mama, ki yi haƙuri. Taki ya daɗe da zuwa. Amma gwamnati ba ta raba kaya sai da sunaye. Sunayen ƙauyen nan ba su iso hannunmu ba sai makon jiya."

Bai ambaci sunan kowa ba. Babu bukata. Duk wanda ke filin ya tuna gidan da ya je ya dangwala yatsa. Kawuna suka juya gaba ɗaya.

Ezekiya na tsaye a gefen rumfa, hularsa a hannu. Ya dubi Tsoho. Tsoho ya jira ya yi ihu, ya ce ƙarya ne, ya jefo shi da dutse ma in ya so. Da ya fi masa sauƙi. Ezekiya kuwa sai ya sa hularsa, ya bi ta cikin mutane ya tafi gida, ana tsaki a bayansa.

A hanyar komawa Mansir ya rinƙa bubbuga kafaɗarsa. "Yau ka nuna kai ɗan siyasa ne. Oga ya ji daɗi, ya ce tikitinka na nan." Tsoho ya ce wa direba ya tsaya. Ya fita ya yi amai a bakin hanya. Ya ce musu lemon da ya sha ne.

Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. In ya tsaya salla sai ya rasa raka'a nawa ya yi. Mahaifiyarsa, wadda tsufa ya zaunar a ɗaki, ta rinƙa tambaya, "Ina ɗana Ezekiya? Ya kwana biyu bai leƙo ni ba." Ya ce mata aikin gona ne. Sau nawa ya ɗauki waya ya nemo lambar Ezekiya, ya kalle ta, ya mayar aljihu.

Sai ya yi abin da masu hali ke yi in zuciya ta dame su. Ya sa aka loda buhun masara goma da shinkafa biyu a mota, aka kai ƙofar gidan Ezekiya da rana tsaka. Motar ta dawo da kayanta cif. Amma ƙauye ya riga ya gani. Kafin yamma magana ta zagaya: ashe ma biyansa ake yi, shi ya sa ya ɓoye sunaye, nasa rumbun ba zai bushe ba.

Cikin watan Oktoba, wata safiya, Tsoho na ɗaki yana shirin fita sai ya ji muryar mace a tsakar gida tana gaisawa da Binta. Alice ce, matar Ezekiya. Ya tsaya bayan labule da takalmi ɗaya a hannu.

"Maman Khalid, ba roƙo na zo ba," in ji Alice. "Kuma bai san na zo ba. In ya sani zai yi faɗa."

"Zauna mana, Maman Precious. Me ya same ki kika rame haka?"

"An sauke shi daga kujerar dattawa a coci. A baya yake zama yanzu, kusa da ƙofa. Ni in na je rijiya, mata suna ɗauke bokitinsu. Wannan duk na jure." Ta ci gaba. "Satin da ya wuce ya kira gayya don cire gyaɗa. Kin san shi, shekara talatin babu gayyar da aka kira a ƙauyen nan bai je da fartanyarsa ba. Na tashi na dama kunu tulu biyu. Na yanka zakaranmu. Na yi tuwo da sauran dawan da ya rage. Muka kai gona muka ajiye a inuwa. Har rana ya kai tsaka, ko mutum ɗaya. Ƙanensa ma na ciki ɗaya ya wuce ta gefen gona, ya juya fuska. Shi kaɗai ya duƙa yana cira. Da yamma na kwashe tuwo na zuba wa aladun maƙwabta."

"Innalillahi. To shi me ya hana ya faɗi gaskiya?"

"Na tambaye shi. Ya ce, shekara goma sha biyu ina gaya musu mutumin nan ba ya ƙarya. Yau in tashi in ce maƙaryaci ne, wanne za su ɗauka? Ko ta ina ni ne na cuce su." Ta share ido da bakin zane. "Littafin nan na zo nema. A hannunki ya ba. In yana nan, ki ba ni in kai wa fasto ya ga kwanan wata."

Binta ta ce ta jira. Ta ɗaga labule, ta yi kiciɓis da mijinta. Ta saki labulen a bayanta, ta rage murya, amma kowace kalma sai da ta shige shi.

"Ka ji ai. Ba sai na maimaita ba."

"Binta, saura kwana tara zaɓen fidda gwani. Ki bari a wuce shi. Ranar da aka gama, wallahi..."

"Kada ka sake rantsewa a gabana, Baban Khalid. Sati mai zuwa, Asabar ɗin nan, bayan zaɓe. Da wannan bakin ka kashe musu masara, yanzu mutumin kake so ka ƙarasa? Ni na karɓi littafin nan da hannuna. Uwarka tana ɗakin can tana numfashi saboda bayan mutumin nan. Ko ka ba ni in ba ta, ko in buɗe durowar da kaina."

Tsoho ya zauna a bakin gado. Sannan ya jawo durowa ya ɗauko littafin, har yanzu yana cikin ledarsa.

"Ki ce mata ta koma gida. In ita ta kai, cewa za su yi jiya ya rubuta. Ni zan kai."

Mansir ya ji labari ranar Asabar, ya zo a guje har hularsa na faɗuwa.

"Ka haukace? Kowa na da waya a ƙauyen nan. Kafin ka rufe baki Oga ya gani. Manomi ɗaya ne fa! Ba daliget ba ne, ba kowa ba ne. Bayan zaɓe ka saya masa mashin sabo, ka kai matarsa asibiti, magana ta mutu."

"Mansir, ka taɓa kiran gayya?"

"Gayyar me? Ni ɗan birni ne."

"To tashi ka ba ni wuri."

Ranar Lahadi ya ja motarsa da kansa, babu direba, babu ɗan sanda. Ya isa ana waƙar ƙarshe. Ya tsaya a gindin bishiyar da ke gaban cocin har aka fara fitowa. Ya nemi izinin fasto, fasto ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ga su nan." Ezekiya ne ya fara fitowa, tunda shi ke kusa da ƙofa. Da ya ga Tsoho sai ya ja gefe ya tsaya.

Tsoho ya fuskanci jama'a da littafin a hannu.

"Jama'a, ba kamfe na zo ba. Ƙarya na yi muku ranar rabon taki, ita na zo in janye." Ya ɗaga littafin. "Ga sunayenku. Ga yatsunku. Sha tara ga Afrilu Ezekiya ya kai shi gidana, ko shuka ba a yi ba. Taki ya iso tun watan Mayu. Ni na kulle shi, don a buga hotona a buhu, don a yi biki a tafa min. Mutumin nan ya zo har falona da karan masara ya roƙe ni mabuɗi. Mabuɗin na aljihuna, na hana shi. Da kuka tambaye ni, na ji tsoron kujerata, na ɗora masa. Hatsin da na aika gidansa kuma bai taɓa ko ƙwaya ba. Yunwar da za ku yi bana ni na jawo muku ita. Shi ba shi da laifin komai sai yarda da ni."

Wayoyi sun riga sun tashi sama. Fasto ya karɓi littafin ya buɗe, ya karanta kwanan watan da ƙarfi.

Nicholas, ƙanen Ezekiya, shi ya fara fashewa. "Kai! Ka sa na wuce yayana a gona kamar ban san shi ba! Ka sa na ƙi cin tuwon gidanmu!" Ya yi kan Tsoho, samari suka biyo shi. Wani ya fizge hular Honorabul ya jefa a taɓo. Tsoho bai ɗaga hannu ya kare kansa ba.

Mama Beauty kuwa ko kallon Tsoho ba ta yi ba. Ta dogara sandarta har gaban Ezekiya, ta saki sandar, ta durƙusa a ƙasa da tsofaffin gwiwoyinta. "Ɗana, ni na tofa yawu a ƙofar gidanka. Ni ce." Ezekiya ya sunkuya ya ɗaga ta, ya miƙa mata sandarta. Sannan ya ɗaga murya, karo na farko cikin wata biyu.

"Nicholas! Sake shi. Da ƙafarsa ya zo, da ƙafarsa zai koma. A gaban coci muke."

Suka buɗa. Ezekiya ya taka tare da Tsoho har bakin mota. Tsoho ya kama ƙofa, ya kasa buɗewa.

"Ɗan'uwa, ka yafe min."

"Na yafe. Tun watan Agusta na yafe, don in ban yafe ba ba zan iya addu'a ba."

"Me zan yi? Faɗa min ko mene ne."

"Hatsin nan da ka aiko gidana, ka ƙara a kai ka kawo wa fasto da mai unguwa su raba. A farin buhu. Kada ka zo."

"Zan kawo gobe."

"Kada ka ce min gobe. In ya zo za mu gani." Ezekiya ya dubi gonakin da ke bayan cocin, sannan ya dawo da idonsa. "Ka gaishe min da Inna, ka ce zan zo in duba shi in na gama gyaɗa. Amma Tsoho, ka ji da kyau. Ko kansila za ka sake nema, ko shugaban 'yan kasuwa, kada ka aiko ni wurin mutanen nan. Bakina ya ƙare a kanka."

Ya juya ya koma cikin jama'arsa.

Kafin Tsoho ya kai kwalta wayarsa ta fara ruri. Oga ne. Ya bar ta tana yi har ta gaji. Ranar zaɓen fidda gwani daliget huɗu ne suka tsaya masa, aka ba wani tikitin, Mansir kuma tun a filin ya koma bayan sabon.

Hatsin kuwa ya isa ƙauye washegarin Lahadin nan, mota biyu. Bai kai ko'ina ba. Gidaje da yawa sau ɗaya suka rinƙa ɗora tukunya a rana har sabuwar kaka, wasu samarin suka bar gida neman aikin lebura, akwai waɗanda har yau ba su dawo ba. An mayar da Ezekiya kujerarsa a gaban coci. Tsoho ya ƙarasa wa'adinsa a majalisa ya dawo Mubi, bai sake neman komai ba. Mutane da yawa suna yaba masa, suna cewa samun ɗan siyasar da zai yi abin da ya yi sai an tona. In aka faɗa a gabansa ba ya amsawa. Ya fi kowa sanin cewa ranar da ya kamata ya yi jarumtar ita ce wata Talata a watan Yuli, lokacin da masara ke da sauran rai.

Darasi: Abin da aka ba ka don talaka, ka miƙa masa a lokacin da zai amfane shi, ko da ba wanda zai san kai ne ka bayar. Kuma in wani ya jingina mutuncinsa don a yarda da kai, ka sani shi ne abu mafi tsada da ya mallaka, kada ka kare kanka da shi ranar da ka shiga uku. Neman gafara yana da kyau, amma ba ya mayar da damina baya. Ku tura wannan ga duk mai riƙe da mabuɗin wani abu na jama'a, daga kansila har mai unguwa, ko Allah zai sa ya buɗe tun yau.